Famfon wanke gilashi da ya ƙi kai ruwa saman bene: lamarin wani matashi a Birnin Kebbi, Nuwamba zuwa Mayu

Asalin lamarin

Matashin da wannan bayani ya shafa yana zaune a Birnin Kebbi, bai cika shekara talatin ba, sana'arsa kuma wanke faifan sola da gilashin tagogi. Ni aikin haɗa sola nake yi, a nan muka san juna, don sau da yawa inda na kafa faifai shi ake kira ya wanke. Ban shiga maganar famfonsa ba sai a watan Janairu. Abin da ya gabata kafin nan daga bakinsa da bakin yaronsa na ji, sai kuma ƙonannun wayoyin da ya adana a cikin buhun shinkafa ya nuna mini.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, tayar da janareta ya zama abin da sai an yi lissafi, gidaje da shaguna da dama a Gesse da Badariya da Tudun Wada suka koma sola. Faifai kuwa ba sa shiri da ƙurar hunturu. Kafin ka ankara sun yi fururu, wutar da suke bayarwa ta ja baya. Da bokiti da tsumma da tsani mai tsawon mita 6 ya fara. Sannu a hankali masu gidajen suka riƙa cewa ya haɗa da tagogi tun da ya riga ya zo.

A Oktoban 2024 wani masauki mai hawa uku ya nemi ya riƙa wanke masa tagogi sau biyu a wata. Na hawan ƙarshe sun kusa mita 9 daga ƙasa. Tsaninsa bai kai ba, kuma ɗaure tsani biyu da igiya irin yadda wasu ke yi, ya ce ba zai ɗora ɗan mutane a kai ba. Ya taɓa ganin tsarin da masu wanke tagogi a Ingila suke aiki da shi: mutum na tsaye a ƙasa da doguwar sanda, burushi a kanta, ruwa na hawa ta siririn tiyo yana fita ta tsakiyar burushin. Ba sabulu, ba gogewa da tsumma. Idan an tace ruwan har gishirin ƙasa ya fita, zai bushe a jikin gilashi bai bar tabo ba.

Wani ɗan'uwansa a Legas ya saya masa kayan ya sako a mota: famfo na bolt 12 mai matsin psi 100 da ke tura kusan lita 5 a minti, kwantirola mai allon lamba daga 0 zuwa 99, sanda mita 9, tiyo mita 50 mai faɗin ciki milimita 6, tulun rezin na tace ruwa, da 'yar mitar TDS ta auna gishirin da ke cikin ruwa. Duro na lita 200 da batir da waya a nan gari ya nema. Duk ya ɗora su a kan Keke Napep mai buɗaɗɗen baya, irin na ɗaukar kaya.

Aikin kwantirola biyu ne. Na farko, rage gudun famfo: yana yanka wutar da ke zuwa wa famfon, ya kunna ya kashe cikin saurin da ido ba ya gani, sai injin ya juya a hankali gwargwadon lambar da aka sa. Na biyu, tsayar da famfo idan mai aiki ya rufe bawul. Ba shi da wani abu da ke taɓa ruwa. Abin da yake ji kawai shi ne wutar da famfo ke ja: in aka toshe wa ruwa hanya, matsi ya hau, injin ya ji nauyi, ya ƙara jan wuta, da ta haura iyakar da aka saita sai kwantirola ya tsayar da shi ya rubuta DE a allo, wato hanyar ruwa ta toshe. Bayan 'yan daƙiƙoƙi ya ɗan taɓa famfon ya ji ko an buɗe. Yana kuma kallon ƙarfin batir: irin nasa yana gargaɗi da bAt idan wuta ta sauka ƙasa da bolt 11.5, ya kashe famfo in ta gangara ƙasa da 11.

Nuwamba 2024: haɗin farko

Wayoyi huɗu ke fita daga akwatin. Ja da baƙa na batir ne, ruwan ƙasa da shuɗiya na famfo. A jikin jar akwai gidan fiyus, da fiyus mai amfiya 7.5 a ciki. Dukkansu gajeru ne, ba su kai mita ɗaya ba.

Ya sa batir a gaba kusa da ƙafar direba, don tsoron ruwa da kuma masu ɗan hali. Famfo da kwantirola suna can baya kusa da duro. Tsakaninsu, in aka bi jikin ƙarfen keke, mita 4 ne. Ya je kasuwa ya sayo naɗin waya mai tagwayen sili, irin wadda ake ja wa ƙwan lantarki, an rubuta 0.75 a jikinta, wato kaurinta. Da ya zo haɗawa ya ga gidan fiyus ya tokare masa wuri, ya datse shi ya jefa a aljihun keke. Ya murɗe wayoyi da hannu, ya naɗe da salatif, ya sa kilif mai bakin kada a ƙarshen da zai kama batir. Batir ɗin na wata tsohuwar mota ne, mai amfiya 45 kamar yadda ake faɗa a kasuwa.

Ya gwada a tsakar gida. Sandar tana kwance a jikin katanga, tiyo duk a naɗe, ruwa ya fito ta burushi da kyau. Minti biyar ya yi yana kallo, ya kashe. Takardar da ta zo da akwatin da Turanci take, shafin da ya yi bayanin saitin DE bai tsaya a kansa ba. Ya sa lambar gudu a 75 don ya ga ruwan ya fi ƙarfi a nan.

Farkon Disamba: batir ya sha zargi

Ranar aikin farko a masaukin sun fara da ƙarfe bakwai na safe. Hawan ƙasa ya tafi lafiya. Suna cikin hawa na biyu, minti 25 da farawa, yaron ya ɗaga murya daga wajen keke.

"Oga, ruwa ya tsaya. Abin yana rubuta wani abu."

bAt ne. Suka kashe, suka jira, suka kunna, ya yi minti uku ya sake tsayawa. Ranar da bokiti aka ƙarasa inda tsani ya kai, na sama aka ba manaja haƙuri.

Batir ya kwana a caji, washegari aka maimaita. Ya yanke cewa batir ɗin ya mutu, ya kwashi kusan rabin abin da ya rage masa na jari ya sayi sabo mai amfiya 100, irin wanda ake sa wa inbata. Da sabon, abin ya ja lokaci: ana kai kusan awa biyu kafin famfo ya tsaya. Amma gargaɗin bAt yana fara walƙiya tun da wuri, duk sanda aka zare sanda zuwa sama. Wani abu da yaron ya lura da shi, ya kuma faɗa, shi ne wayar tana ɗumi a hannu ko da sanyin safiya. Ba wanda ya ɗauki maganar da muhimmanci.

Mai caji ya auna sabon batir ɗin da yamma bayan an dawo daga aiki, ya samu bolt 12.4. Ya ce lafiyarsa lau. Daga nan zargi ya tashi daga kan batir ya koma kan kwantirola.

Tsakiyar Disamba: an cire kwantirola

Ya zare akwatin gaba ɗaya ya haɗa famfo kai tsaye da batir. Ba sauran bAt, tun da ba mai rubutawa.

Famfon yana da nasa makunnin matsi a kansa, wanda ke yanke wuta idan matsi ya kai psi 100, ya mayar in ya sauka. Da cikakken gudu, ruwan da famfo ke turowa ya fi abin da tiyo mai milimita 6 da tsawon mita 50 zai iya wucewa da shi zuwa saman bene. Sai matsi ya cika, makunni ya yanke, ruwa ya ɗan fita, makunni ya mayar, haka dai ba tsayawa, tak-tak-tak, kamar ana buga ƙusa. A hawan ƙasa kuwa, inda ruwa ke samun sauƙin fita, duro na lita 200 bai kai awa ɗaya ba. Ruwan nan ba na banza ba ne, sai da ya bi ta rezin, rezin kuwa daga Legas yake zuwa.

Kowane yankewa da mayarwa yana tayar da ɗan tartsatsi a cikin makunnin. Bayan kwana goma sha ɗaya bakin ƙarfensa ya ƙone, famfo ya ƙi tashi. Wani makanike a bakin titi ya cire wayoyin makunnin guda biyu ya haɗe su da juna. Famfo ya tashi. Amma yanzu ba abin da zai tsayar da shi in an rufe bawul, sai yaro ya ruga ya cire kilif. Sau biyu mahaɗin tiyo ya fincike a rana ɗaya.

Ganin haka ya mayar da kwantirola, ko ba komai ya rage masa ɓarnar ruwa.

Ƙarshen Disamba: hayaƙi a bayan keke

Da aka mayar, sai wata sabuwa ta fito. A hawa na uku, bawul a buɗe, burushi a jikin gilashi, sai famfo ya tsaya, allo ya nuna DE. Ya ɗan taɓa, ruwa ya yi tsartuwa, ya sake tsayawa. Da sassafe abin ya fi tsanani. Ya kira wanda ya sayar da kayan a waya, aka ce masa ya ƙara lambar DE. Bai ji nawa zai ƙara ba, ya kai ta 99. DE ta daina fitowa.

Asabar ta ƙarshe a watan, wajen ƙarfe tara, ya rufe bawul don ya zagaya da tiyo bayan ginin. Famfo bai tsaya ba. Kwantirola ba zai tsayar ba don iyakarsa tana 99, makunnin matsi kuma an riga an tsallake shi. Mahaɗin da ke bakin famfon ya fincike, ruwa ya yi feshi a bayan keke. Yaron ya tura duro gefe don hannunsa ya kai ga famfon. Gindin duron ya danne wayar a kan kaifin ƙarfen keke, ya yanke robar, silin biyu suka haɗu.

Batir mai amfiya 100 in aka haɗe kansa biyu ba tare da fiyus ba, wuta mai yawan gaske yake zubowa. Yaron ya ce abin da ya fara gani shi ne robar wayar tana kumbura tana ɗiga, farin hayaƙi yana bin ta tun daga baya har ƙarƙashin kujera, inda bututun fetur yake wucewa. Ya kai hannu ya cafki kilif, ya sake shi da ihu. Sandar tsintsiyar mai gadi ce a jingine kusa, da ita ya doke kilif ɗin ya faɗi. Tafin hannunsa na dama ya tashi, ya yi mako biyu ba ya iya riƙe tiyo.

Manajan masaukin ya fito ya tsaya yana kallon keken. Matashin ya ce masa, "Yallaɓai, a yi haƙuri, tsautsayi ne." Manaja ya ce ya ba shi zuwa ƙarshen Janairu, in tagogin sama ba su wanku ba zai nemi wani, kuma kada a sake shigo masa da keken cikin harabar sai an gyara.

Mako na biyu na Janairu 2025: awo

Ya zo shagona da hoton wani kwantirola a wayarsa, yana so in duba masa ko ya fi nasa inganci kafin ya tura kuɗi Legas. Na ce ya kawo keken tukuna.

Ya riga ya sake ja da ragowar naɗin wayar nan, haɗi iri ɗaya, kilif iri ɗaya, har yanzu ba fiyus. Kwantirolan bai ƙone ba, don gobarar ta tsaya ne tsakanin inda waya ta yanke da batir. Muka warware tiyo duka, muka zare sanda muka jingina ta da benen maƙwabcina, muka sa gudu a 75 kamar yadda ya saba. Na maƙala mitar amfiya a jar waya: amfiya 5. Na ɗora mita a kan batir kansa, famfo na aiki: 12.4. Na dawo baya na ɗora a inda waya ke shiga kwantirola: 10.8. Ina cire mita famfo ya tsaya, bAt ta fito.

Na sa shi ya riƙe mitar da hannunsa ya sake aunawa a wurare biyun. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, to ina ɗaya da ɗigo shidan ta tafi?"

Ta tafi a hanya. Wuta tana zuwa ta dawo, don haka mita 4 a ido mita 8 ce a lissafi. Jan ƙarfe mai kaurin 0.75 da tsawon mita 8 yana da turjiya kusan om 0.19, a amfiya 5 zai ci kusan bolt 0.9. Wannan kaɗai ya yi yawa a tsarin bolt 12, inda tazarar cikakken batir da wurin da kwantirola ke kashewa ba ta kai bolt biyu ba. Amma mu 1.6 muka gani, ba 0.9 ba. Na auna kan kilif da wuraren murɗi, abin da suka ci bai wuce 0.1 ba. Saura yana cikin wayar.

Muka yanki guntu muka kai wa wani dattijo mai gyaran wutar mota da nake zuwa wurinsa tun ina koyon aiki. Ya feɗe robar, ya kankare sili ɗaya da reza, jan ya tafi, fari ya bayyana. Ya ƙyasta ashana ya kara: silin suka lanƙwashe suka zube. Na jan ƙarfe ja yake yi ya tsaya a yadda yake.

"Yaro, ina kunka sawo wagga waya?"

"Kasuwa, Baba."

"Wagga ba kofa ta ba, ba jan ƙarfe na ba. Alminiyam na anka shahe da ja. Ga ƙwan ɗaki ba ka ganewa. Ga batir kau, sai ta nuna maka halinta."

Alminiyam yana wuce da kusan kashi 60 cikin 100 ne na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai wuce da shi. In aka sake lissafi da haka, turjiyar ta kai kusan om 0.3, a amfiya 5 kuma bolt 1.5 ke nan. Lissafi ya haɗu da mita. Ya kuma bayyana dalilin da hawan ƙasa ke tafiya lafiya: a can famfo ba ya jan wuta sosai, asarar hanya kaɗan ce. Da an ɗaga sanda, nauyin ruwa ya ƙaru, kowane mita 10 na tsawo kusan psi 14 ne, jan wuta ya hau, asarar ta hau tare da shi.

Sabon haɗi

Yini ɗaya ya ɗauka. Batir ya dawo baya cikin akwatin katako mai ramukan shan iska da kwaɗo, a ɗage sama da inda ruwa ke kwanciya. Tsakaninsa da kwantirola ya zama mita 1. Waya ta jan ƙarfe mai kaurin 2.5, wadda Baba ya kankare ya ƙona kafin mu biya. Kilif ya tafi, aka matse zoben ƙarfe a bakin kowace waya aka ɗaure da noti. Gidan fiyus yana nan a aljihun keke tun Nuwamba. Muka mayar da shi a jar waya, tazarar tafin hannu daga kan batir, don duk abin da ya faru daga nan zuwa gaba ya zama yana bayansa. Aka ƙara makunni babba na yanke wuta gaba ɗaya inda hannu ke kaiwa ba sai an ture komai ba. Inda waya ta ratsa ƙarfe aka zura ta cikin guntun tiyo. Kwantirola ya shiga akwatin roba a inuwa, wayoyi na shiga ta ƙasa don ruwa ya ɗiga ya faɗi kafin ya kai gare shi. Aka sayo sabon makunnin matsi aka mayar wa famfo, aka sa mataci tsakanin duro da famfo.

Muka sake awo a gudu ɗaya, tsawo ɗaya. Batir 12.4, bakin kwantirola 12.3.

Mako na uku na Janairu: saiti a gindin bene

Saitin DE a wurin aiki aka yi shi, da izinin manaja, ƙarfe bakwai na safe, sanyi na busawa. An zaɓi lokacin da gangan. Ruwa mai sanyi ya fi kauri, tiyo ma ya fi tauri, don haka a nan famfo ya fi jan wuta. Saitin da ya tsira a wannan yanayi ba zai yi tsayuwar ƙarya da rana ba.

Da gudu aka fara, don iyakar DE tana bin gudun da aka zaɓa ne, in aka canja ɗaya sai an sake ɗayan. Aka warware tiyo duka, aka bar ruwa ya gudu har iska ta gama fita, aka sa bakin burushi a jarka mai lita 20. A lamba 35 jarka ta cika a minti 10, lita 2 ke nan a minti. Ya gwada a gilashi, ya ga ta isa ta ɗauraye ƙurar da burushi ya tayar. Jan wuta ya sauko kusa da amfiya 3.

Sannan aka zare sanda zuwa taga mafi tsawo, bawul a buɗe, aka fara sauko da lambar DE daga 99, biyar-biyar, ana jira kaɗan a kowace. A 35 famfo ya tsaya. Aka koma sama ɗaya-ɗaya. A 39 yana tafiya yana tuntuɓe, a 42 ya daidaita. Aka bar shi minti biyar bai tsaya ba. Ya rufe bawul, yaron yana ƙirga: daƙiƙa huɗu famfo ya yi shiru, DE ta fito. Ya buɗe, cikin daƙiƙa uku ruwa ya dawo. Sau goma aka maimaita. Aka rubuta 35 da 42 da alƙalamin maka a cikin murfin akwatin, da watan da aka yi saitin.

Ranar an wanke fuskar gaba da ta gabas, hawa uku, da duro ɗaya da 'yar ragowa. Batir ya dawo gida da 12.5.

Maganar ruwa ta biyo baya a gurguje. Ruwan burtsatsen unguwarsu ya nuna 280 a mitar TDS, abin da ke cinye rezin da wuri ke nan. Ya koma sayen ruwa daga wani gidan piya wata mai injin tacewa, wanda ke nuna ƙasa da 20, sannan ya bi da shi ta rezin ya sauko kusa da sifili. Masu wannan sana'a suna neman ƙasa da 10 kafin su bar ruwa ya bushe a gilashi.

Maris da Afrilu: zafi ya canja lissafi

Azumi ya kama a Maris, zafi kuma ya fara haura digiri 40 da rana. Aiki ya koma daga bayan sallar asuba zuwa ƙarfe goma, wanda dama shi ya fi dacewa: gilashi mai zafi yana busar da ruwa kafin ya gangaro da datti, faifan sola da ya sha rana kuma ba a son a kwara masa ruwan sanyi.

A mako na uku na Maris ya kira ni. Famfo yana tsayawa, amma sai ya yi daƙiƙa goma sha biyu, mahaɗi ɗaya kuma ya fara tsiyaya. Bai taɓa komai ba kafin ya kira. Tiyo ne ya yi laushi da zafi, yana buɗewa ya haɗiye matsin kafin famfo ya ji nauyi, ruwan ma ya fi saki. Iyakar da ta yi daidai a hunturu ta yi sama da yawa a bazara. Ta waya muka yi, shi da yaronsa suka bi matakan da kansu, suka tsaya a 36. Tsayuwa ta dawo daƙiƙa biyar. Ya ƙara layi na biyu a murfin akwatin.

Fiyus ya ƙone sau ɗaya a Afrilu. Ya bincika kafin ya sa wani, ya tarar ɓera ya ci robar shuɗiyar waya a inda keke ke kwana.

Mayu: inda aka tsaya, da abin da na gani

Zuwa Mayu masaukin yana nan a hannunsa, ya ƙara wani asibiti mai zaman kansa da gidaje shida. Ya ɗora faifan sola mai wat 100 a rufin keke da nasa ɗan kwantirolan caji, ya daina kai batir wurin mai caji. Kwantirola na biyu bai saya ba.

A ganina akwatin nan bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Da ya rubuta bAt, wutar da ke isowa bakinsa ta gaza 11 da gaske; ba shi da hanyar sanin cewa a can gaba batir cike yake. Da ya rubuta DE a hawa na uku, jan wutar famfo ya haura iyakar da ya zo da ita daga masana'anta, iyakar da ba a taɓa daidaita ta da tiyo mita 50 da bene mita 9 da sanyin Disamba ba. Tushen matsalar waya ce: siririya, doguwa, kuma ba abin da aka rubuta a jikinta ba. Mai cajin da ya auna batir bai yi ƙarya ba, amma ya auna shi a zaune ba ya ɗauke da kaya, kuma a kansa, ba a inda wutar ke ƙarewa ba. Sayen sabon batir ba asara ba ce gaba ɗaya, don batir ɗin mota an yi shi ne ya ba da wuta mai yawa na 'yan daƙiƙoƙi, ba ya jure a riƙa zuƙe shi awa da awanni. Ko ba jima ko ba daɗe sai an canja shi. Sai dai ba shi ne ciwon ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda masu tsaro uku suka tafi ɗaya bayan ɗaya, kowanne don ya hana aiki tafiya: fiyus a Nuwamba, makunnin matsi a tsakiyar Disamba, iyakar DE a ƙarshensa. Biyun ƙarshe ina iya yi masa uzuri, mutum ne da kwangila ke neman kuɓuce masa, kuma wanda ya sayar masa bai ba shi bayanin da zai amfane shi ba. Na fiyus ba na yi masa, na kuma faɗa masa a gaban yaron da hannunsa ya ƙone. Ni ma ina da nawa kason. Na ga keken nan a farkon Disamba a ƙofar wani gida da nake aiki, na ga kilif ɗin, na ga siririyar wayar, na wuce ban ce komai ba don ba a tambaye ni ba.

Fuskar yamma ta masaukin har yau ba a wanke hawanta na sama ba. Layin wuta mai bolt 11,000 ya bi ta wannan gefen, kusa da bango, sandar kuwa tana da kabon a jikinta, wanda ke ɗaukar wuta ko a bushe, balle ruwa na bin ta. Manaja ya sake tayar da maganar a Afrilu, har ya ce zai ƙara kuɗi. Matashin ya zo ya tambaye ni ko akwai safar hannu ko wani naɗi da za a yi wa sandar. Na ce babu wanda zan sa hannuna a ciki. Tagogin nan huɗu daga cikin ɗaki ake buɗe su a goge iya inda hannu ya kai.